Ƙofar Mai Kwando

Kun sha tambayata me ya sa duk kaka nake auna wa Baffa Ado buhunan shinkafarsa, in ɗora su a mota da hannuna, amma ban taɓa bin motar zuwa gidansa a Kano ba. Uwarku ta ce taurin kai ne. Gwaggonku Hajara ta ce muku rigimar gona ce. Ba rigimar gona ba ce, ko da yake gona tana ciki. Yanzu da tsufa ya kwantar da shi, mutane kuma suka fara yi mini sallama da wa'azin zumunci, gara in rubuta muku abin da ya faru da hannuna, kafin a ba ku labarin a karkace. Za ku yi dariya idan na ce a kan wasan kwamfuta ne. Ku yi dariyarku. Ni ma na daɗe ina so abin ya zama na dariya a wurina, ya ƙi.

Shekarar da na gama firamare ce, da damina. Baffa Ado ƙanen Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ɗan bokon gidanmu, yana aikin ofis a Kano. Gonar da muke nomawa a bakin kanal, kan hanyar Bunkure, ta gado ce, tasu ce su biyu. Baba ke shiga taɓo, Baffa kuma a kai masa kasonsa har gida. Ba wanda yake ganin aibu a wannan, ni ma a lokacin ban gani ba. Wata Asabar ya iso da wata tsohuwar kwamfuta da ofishinsu ya yar, a bayan mota, an lulluɓe ta da zane kamar mara lafiya. Aka ajiye ta a zaure kan teburin da Baba yake jera irin tumatir. Wuta kuwa sai wadda muka roƙa daga injin casar shinkafa na maƙwabcinmu, don haka kwamfutarmu ba ta tashi sai inji ya tashi. Idan aka zuba wa injin sabon buhu ya yi nishi, hoton ya tsuke ya yi rawa, mu duka mu riƙe numfashi har ya dawo daidai.

Baffa ya ce ya kawo ta ne mu koyi buga rubutu. Ba mu koyi komai ba, domin a rana ta biyu na gano wasannin da wani ma'aikaci ya bari a ciki. Ba mu gane sunayensu ba, sai muka raɗa musu namu. Akwai Jirgin Ƙuda, wani ɗan jirgi mai harbin abubuwa masu fukafukai, wanda ƙanena Sani ya fi so don ba ya bukatar tunani. Akwai Ɓera, da ake bi da shi cikin lunguna ana gudun wasu idanu. Sai kuma Mai Kwando. Har yau idan na rufe ido ina ganinsa: ɗan guntun mutum da kwando a ka, ƙafafunsa kamar tsinken ashana, yana tsallake gadoji yana tsintar wasu jajayen 'ya'yan itace. Mu dai tumatir muka ce, ba wanda ya isa ya ce mana ba shi ba ne. Idan ya tsinci ɗaya sai ka ji ƙit, idan ya faɗa ruwa kwandon ya taso shi kaɗai yana lilo, da wani ɗan kiɗa na tausayi da har Inna ta haddace tana yi wa akuyarta. Kalolinsa ba su fi na tabarmar roba ba. Na ga wasannin da kuke yi a waya yanzu, mutane kamar a taɓa su su yi magana, amma wallahi ba wanda ya taɓa sa zuciyata ta buga kamar ɗan guntun nan idan ya zo bakin karyayyar gada.

Yaran layinmu duka a zaurenmu suke yini, da warin taɓo a ƙafa da ƙaiƙayi a ka. Kowa ya yi nasa ya faɗa ruwa ya ba na baya. Ni ne ban cika faɗawa ba. Ban san yadda aka yi ba, yatsuna ne kawai suka gane abin kafin kaina ya gane. Ni na fara ƙetare ƙasar gadoji, na ƙetare ta duwatsu, na shiga ta dare mai fitilu, har na kai wurin da ba wanda ya taɓa kaiwa: wata babbar ƙofa ruwan toka, a rufe. Mai Kwando ya tsaya gabanta. Sai rubutun Turanci ya cika fuskar kwamfutar, layi bisa layi, daga nan wasan ya koma farko.

Turancinmu na firamaren ƙauye ne, muna iya haɗa baƙi mu furta, ma'ana kuwa sai Allah. Da Baffa ya zo ƙarshen mako na ja hannunsa na kai shi gaban ƙofar. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya karanta, ya ɗan yi murmushi.

"Cewa aka yi sai wanda ya tsince tumatir ɗin nan kaf, bai bar ko ɗaya ba, kuma bai faɗa ruwa ba. Shi ake buɗe wa."

Wannan ta farko na yafe masa ita tuntuni. Babba ne yara suka dame shi, ya faɗi abin da zai sallame su. Kowa yana yi, ni ma na yi muku.

A cikin wannan daminar Baba ya fara ciwon baya, irin ciwon da ba ya kwantar da mutum amma ba ya barinsa ya sunkuya. A cikinta kuma Baffa ya ce yana da wurin yaro ɗaya a gidansa, a ba shi ɗaya daga cikinmu ya sa shi sakandare a Kano. Ɗaya, ba biyu ba. Ni ne babba, ni na gama firamare, Sani yana bayana da aji guda, amma Baffa ya ce ko shi ne zai iya ƙarasa firamaren a can. Amma ni ne kuma mai ƙashin aiki. Na iya jan ruwa daga kanal da bututun roba, na iya bin fangali, wato sassan gonar da ake tare ruwa a ciki, ina buɗewa ina toshewa, Sani kuwa rana ɗaya a taɓo sai zazzaɓi. Duk wanda ya dubi gidanmu ya san idan na tafi, gonar nan sai dai a ba da ita haya ko a raba, kason Baffa kuma ya tsuke.

Akwai abin da ku 'ya'yan yanzu ba za ku gane ba, ku da nake kiran sunan babbarku a tsakiyar kasuwa. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba har ta koma ga Allah, "yaron nan" nake a bakinta. Baba ba ya yabona gaban mutane, ba ya zaɓa mini tsoka a miya, ba ya nuna ya san ina wurin. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ba ƙiyayya ba ce. To amma ta hana shi buɗe baki ya ce wa ƙanensa, "Ɗauki Auwalu." Da ya faɗa, sai a ce ya fifita nasa na fari ya bar gonar gado ta lalace. Yana neman dalilin da ba daga bakinsa ya fito ba. Sai da na haifi nawa na gane haka.

Wata la'asar ya dawo daga gona ya tarar da ni gaban ƙofar nan, Baffa yana zaune yana shan fura. Baba bai taɓa tsayawa kallon kwamfutar ba sai ran nan. Ya daɗe yana duban ɗan guntun mutumin.

"Wannan ai ɗan uwanmu ne," in ji shi. "Ɗan dako ne. Me ya tsayar da shi?"

Yara suka yi caa, kowa yana ba shi labarin ƙofa. Ya juya wurin ƙanensa.

"Ado, ƙofar nan tana buɗuwa kuwa?"

"Tana buɗuwa mana, Yaya. Ga mai ƙwaƙwalwa."

Baba ya gyaɗa kai. Bai dube ni ba, bango ya duba, kamar yadda ya saba idan da ni yake.

"To, wanda yake ta ce mana kansa na injin nan ne, ya buɗe ta a gabana kafin a sa lauje a shinkafa. In ya buɗe, shi zai bi ka. In bai buɗe ba, ka tafi da Sani. Ka yarda?"

Da Baffa yake, amma ni na amsa. Na ce na yarda. Baffa Ado ya ajiye ludayi, ya goge baki. A nan ne ya kamata ya yi dariya ya ce, "Yaya, wasa nake yi wa yara." Kalma nawa ce? Ya bar ta a cikinsa tare da furar.

Kada ku ɗauka kakanku wawa ne da zai rataya rayuwar ɗansa a kan wasa. Mutumin ban-ruwa ne. A saninsa duk ƙofar da aka gina an gina ta ne don a buɗe, ko ta babban kanal da ake kullewa da kwaɗo tana da ranarta, wanda ya yi haƙuri ya gyara fangalinsa ruwa zai iske shi. Ya ga yadda yatsuna suke tafiya. Ya tambayi mai ilimin gidan, an ce masa tana buɗuwa. A lissafinsa ya riga ya ba ni Kano, ta hanyar da ba wanda zai ce ya yi son kai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai idan na tuna. Lokacin da shinkafa ta fara nuna ne, lokacin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, da kowane yaro a ƙasar Kura yake gona tun asuba da gwangwani da majajjawa yana ihu har muryarsa ta dushe. Baba ya ce a bar ni a gida, wai akwai aikin da zan yi masa a zaure. Ba wani aiki. Shi ya tafi korar tsuntsu da bayan nan nasa, dattijo da gemu cikin yara, yana jan igiyar gwangwanaye. Ni kuma ina zaune ina jiran inji ya tashi. Na haddace kowace gada. Na san tumatir ɗin da ke ɓoye bayan dutse, da wanda sai ka bari katako ya fara nutsewa da kai kafin ka kai gare shi. Sau tari ina dab da gamawa injin casa ya mutu, komai ya yi baƙi, in sa kai a gwiwa in yi kuka ba sauti. Inna ba ta taɓa ce mini sannu ba, sai dai in tarar da ɗumame a rufe a bakin ƙofar zaure, ba a ce na wane ne ba. Idan Baba ya dawo da yamma yakan zauna a damana kan buhun taki, wai hutawa yake. Duk sanda Mai Kwando zai yi tsalle sai in ji gwiwarsa ta motsa.

Za ku ce me ya hana ni kwafe rubutun in kai wa wani malami. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Hutu ake yi, wannan ɗaya. Amma gaskiyar ita ce bai taɓa zo mini a rai ba. Wa zai je neman fassara bayan Baffa Ado ya fassara? Mutumin da ake kawo wa takardar asibiti daga unguwa uku ya duba?

Ana jibi za a fara yanka na yi shi. Ranar Asabar ce, Baffa yana nan, zaure ya cika har waje. Na ƙetare gadoji, na ƙetare duwatsu, na shiga ƙasar fitilu, ban faɗa ba, ban bar ko ɗaya ba. Kwandon ya cika har ya yi tozo, abin da ba mu taɓa gani ba. Yara suka fara tsalle tun kafin in isa. Na kai Mai Kwando gaban ƙofa na ɗauke hannuna. Rubutun nan ya fito, shi ɗin dai, layi bisa layi.

Baba ya ce, "Ado, duba mana."

Ya taso, ya gyara tabarau. Ina kallon idonsa yana bin layukan, tun daga sama har ƙasa. Bai yi sauri ba. Karantawa ya yi sosai, na rantse da wanda raina ke hannunsa. Sannan ya miƙe.

"An ce da saura. Ya bar wani a baya."

"Ban bari ba, Baffa! Wallahi ban bari ba!"

"To ni zan yi maka ƙarya, ko injin?"

Daga bayan ƙyauren cikin gida na ji muryar Inna, ita da ba ta taɓa sa baki a maganata ba.

"Malam, yaron nan..."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Kunya ta riƙe sauran. Baba ya dafa bango ya tashi da ƙyar.

"Magana an riga an yi ta," ya ce. "Allah bai nufa ba. A haɗa wa Sani kayansa."

A bakin ƙofa ya tsaya, ya ce da bango, "Da an ƙara lura kaɗan." Wannan ce kalma mafi zafi da ya taɓa faɗa mini, kuma a hankali ya faɗe ta.

Bayan kwana biyu na ɗauki lauje. An sa ni a sakandaren jeka-ka-dawo a nan Kura don kada a ce an hana ni, amma ban-ruwa da makaranta duk da safe suke, ruwa kuwa idan ranarka ta zo ba ya jiran a tashi daga aji. Ban kai ƙarshen shekara ta biyu ba. Kwamfutar ma ba ta yi nisa ba, wata rana inji ya turo wuta da ƙarfi ta yi hayaƙi, Hajara ta mai da ƙwaryar kwamfutar wurin ƙwan kaji. Ban yi baƙin ciki ba, domin tun ranar ban sake taɓa ta ba. Na yarda na bar wani a baya. Nakan kwanta ina bin gadojin nan a kaina ina neman inda yake. Baba ya rasu bayan wasu 'yan shekaru, bai sake ta da maganar ba, amma duk sanda na yi kuskure a gona, na bar fangali ya cika ya fashe, sai ya yi wani ɗan shiru, ni kuma in ji abin da bai faɗa ba.

Bayan rasuwarsa, lokacin da waya ta fara yawa a hannun mutane, na shiga wani shagon kwamfuta a bakin titin Kura in sa cajin tawa. Sai na ji ƙit. Na waiga. Wani yaro ne yake Mai Kwando, yana faɗawa ruwa kamar da gayya, kwandonsa ko rabi bai kai ba, amma da jan ciki ya isa ƙofar. Rubutun ya fito masa, irin nawa sak. Na tambayi mai shagon me aka ce.

"A'a, nan ai ƙarshen na kyauta ke nan, Malam," in ji shi. "Irin wasannin ɗanɗano ne, kamar yadda mai tsire yake yanka maka ɗan kaɗan. Cewa suka yi in ka ji daɗi ka aika musu kuɗi can ƙasarsu, su aiko maka da sauran a faifai. Ga adireshinsu ma a ƙasa."

"In mutum ya tsince tumatir ɗin duka fa? Bai faɗa ruwa ba?"

Ya yi dariya. "Ko ya shekara yana tsinta. Sauran wasan ba ya cikin injin ma sam. Bayan ƙofar nan ba komai."

Na fita na bar wayar a wurinsa, sai washegari na tuna da ita.

Da Sallah ta zo Baffa ya zo gida, na same shi shi kaɗai a zauren nan. Na yi shiri sosai, na tsara maganata tun daga gona. Na tuna masa kwamfuta, da ƙofa, da abin da ya karanta. Na ɗauka zai musa, ko ya yi faɗa, ko ya sunkuyar da kai. Kowanne ya yi da na samu abin riƙewa. Sai ya dube ni da fuskarsa sake.

"Wane wasa kuma? Kai Auwalu, ba ka mantuwa! Yanzu ba ga ka da gonarka da iyalinka cikin rufin asiri ba? Bana ma na ji an ce shinkafa ta yi kyau."

Ba ƙarya yake yi ba a wannan karon. Ya manta. Abin da ya juya mini rayuwa, ya sa ubana ya shiga kabari yana ganin ɗansa ya gaza, a wurinsa bai kai abin tunawa ba. Daga ranar ban sake taka gidansa ba. Hakkinsa na gona kuwa ko ƙwaya ban taɓa rage masa ba, don kada ya samu abin faɗa, kuma don Baba ne ya ɗora mini.

Baffanku Sani ba shi da laifi, kada in ji wani ya canza masa fuska. Yaro ne aka ce ya haɗa kaya ya haɗa. Da na gaya masa, kuka ya yi a gabana da girmansa, yana malamin makaranta a Dawakin Kudu. Noma kuma ban raina shi ba, shi ya ciyar da ku, shi ya kai ku inda ban je ba. Wataƙila da na je Kano ma da ban zama komai ba. Amma da sai in san ni ne na kasa.

Bara yayarku Ummi ta dawo hutu da kwamfutarta ta makaranta, bayan ta ji ina kwatanta wa ƙannenta ɗan guntun mutumin. Ta yi ta bincike har ta samo shi. Ta ce masu shi sun daɗe da sake shi kyauta gaba ɗayansa, ba mai saye. Ta ajiye mini a zaure ta ce, "Baba, gwada." Yatsuna sun yi kauri, sun fashe da taɓo, na faɗa ruwa ya fi a ƙirga, kuna ta yi mini dariya. Da rabin kwando na isa. Ko tsayawa Mai Kwando bai yi ba, ƙofar ta ja gefe da kanta, ya wuce. Gada ce a bayanta, irin waɗancan, da tumatir a kai.

Kun yi ta tafi kuna cewa in ci gaba, kuka ga na rufe na tashi, kuka ce Baba ya ji haushin an yi masa dariya. Ba haka ba ne. Da ƙofar ta buɗe, ban san sanda na juya dama ba, wurin da buhun taki yake zama. Ashe duk shekarun nan ba abin da ke bayan ƙofar nake son gani ba. So nake a buɗe ta yana zaune.